Yadda zaka canza filtar AC ɗin motarka da kanka ba sai ka je gareji ba

Yawancin masu mota a wajenmu filta biyu kawai suka sani, filtar baƙin mai da ake canzawa ranar juye, sai kuma filtar iska ta inji wadda take cikin baƙin akwatin roba in ka ɗaga bonet. Amma akwai wata da take ɓoye a cikin motar, ita ce take tace iskar da AC yake huro maka a fuska, kuma wallahi akwai motocin da tun da aka sauke su daga jirgi a Kwatano ko Legas babu wanda ya taɓa leƙa ta, mota ta wuce hannu uku ko huɗu filtar tana nan yadda Baturen Amurka ya bar ta, har da busassun ganyen bishiyoyin ƙasarsu a ciki. Aikin canza ta bai kai ya kawo ba, a Corolla ko Camry ko Accord minti goma ya isa, wani lokacin ko sukundireba ba sai ka ɗauka ba.

Kafin ka taɓa komai fara tabbatar da cewa ita ce matsalar, don nan ne mutane suke asarar kuɗi. Tada mota, kunna AC, ka murɗa fanka zuwa lamba ta ƙarshe sannan ka sa hannu a bakin inda iska take fitowa. In kaji fanka tana ta ƙugi a cikin dashbod amma iskar da take taɓa hannunka kaɗan ce, kuma kaɗan ɗin nan da sanyinta, to hanya ce ta toshe, kuma abu na farko da ake zargi filta ce. In kuma iska tana fitowa da ƙarfinta amma ba sanyi, wannan ba maganar filta bace, sai a duba gas ko kwamfireso, wato injin da yake matsa gas ɗin, ko fankar da take jikin lagireto. Mutane da yawa da sun ji AC ya rage sai su zarce wajen mai gyara suce a ƙara gas, shi kuma ba zai ce a'a ba tunda sana'arsa kenan, a ɗura gas a kan gas, alhali gas in yayi yawa shi ma rage sanyi yake yi kuma yana wahalar da kwamfireso. Sauran alamomin sun haɗa da warin ƙura ko warin rima da zarar ka kunna, da ƙura da take kwanciya a kan dashbod duk da gilas a rufe yake, da gilashin gaba da yake yin hazo lokacin damina ya ƙi washewa da wuri.

Me yasa tamu take saurin mutuwa? Littafin mota yawanci yana cewa a canza ta bayan tafiyar kilomita 15,000 zuwa 30,000 ko duk shekara, amma in ka karanta da kyau zaka ga sun ƙara da cewa wanda yake tuƙi a wuri mai ƙura ya canza kafin nan. To mu ai a cikin ƙurar muke zaune. Daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu ko Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura tun daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta zube mana ita a Maiduguri da Damagaram da Kano da Sakkwato, ga titunan unguwa marasa kwalta, ga hayaƙin tirela da adaidaita sahu a cikin gosulo. Filtar nan aikinta ɗaya da matankaɗi, gari ya wuce tsaki ya tsaya, kuma in idanunta suka cike babu abin da zai sake wucewa sai da ƙyar.

Abin da zaka tanada ba yawa: sabuwar filta, tocila ko fitilar waya, tsumma mai ɗan danshi, leda da zaka saka tsohuwar, sukundireba mai baki sita ko da za a buƙata, sai takunkumi in kana da asma ko ƙura tana tada maka mura. Shawarata ma kada ka sayi sabuwar tukuna, fara ciro tsohuwar ka riƙe ta a leda ka tafi da ita kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, a ɗora ta a kan sabuwar a gaban idonka a ga tsawo da faɗi da kauri sun zo ɗaya. Don in kace wa mai shago "bani filtar Corolla" kawai, akwai yiwuwar ya miƙo maka ta inji, ko ya baka ta wata shekarar daban, Corolla 2005 da Corolla 2010 ba filta ɗaya suke sha ba. Kace masa ta AC, ta bayan dirowar da take gaban kujerar mai zaman banza. In akwai lamba a jikin tsohuwar ka ɗauke ta a hoto, na Toyota da yawa suna farawa da 87139, na Honda da yawa da 80292, ita kuwa filtar inji ta Toyota da 17801 take farawa, kaga in ka ga wannan lambar a kwali ka san ba ita kake nema ba.

Iri biyu zaka fi samu. Akwai fara ta takarda mai ninki-ninki, ƙura da ganye da ƙwari kawai take tarewa, ita ce mai sauƙin kuɗi. Akwai kuma mai ruwan toka wadda aka sa wa garin gawayi a tsakiya, tana rage warin hayaƙi da warin kwata da na bola in ka ratsa ta wajen, ta fi tsada kuma ta fi ɗan nauyi a hannu. Ni a ganina wanda yake yawo a cikin gari kullum cikin cunkoso mai gawayin ta fi masa, wanda kuma hanyarsa ta ƙauye ce mai jar ƙasa gara ya sayi farar ya riƙa canzawa akai-akai, don ƙura bata san tsada ba, duk wadda ka saka cike ta zata yi. Kuma ka duba da kyau, akwai jabun da aka shafa wa launin toka kawai babu gawayin komai a ciki, ɗaga ta a rana, in kana hango haske fes ta cikinta kuma bata da nauyi to fenti ka saya. Ka duba gefunan ma, su kasance a manne da kyau ba gam yana ɓallewa ba. Filtar Beljiyam kuwa, wato wadda aka ciro daga wata motar, kada ma ka tsaya tayawa.

Yanzu aikin kansa. Zan yi bayanin yadda yake a Toyota da Honda don su suka fi yawa a titunanmu, Corolla, Camry daga Big Daddy zuwa Muscle, Highlander, Sienna, Accord irin su EOD da Evil Spirit (Big Daddy da Muscle da EOD da Evil Spirit laƙabin samfuran motocin ne a wajenmu), dukkansu filtar tana bayan dirowar gaba ce, wadda take gaban kujerar mai zaman banza inda ake zuba takardun mota.

Faka motar a inuwa, kashe fanka, kashe mota, zare makulli. Wannan ba wasa bane, don fankar tana ƙarƙashin filtar kai tsaye, in tana juyawa ka zaro filta duk dattin da yake kai zata zuƙe shi ciki. Tura kujerar baya iya ƙarshenta don ka samu wurin durƙusawa, sannan ka kwashe duk abin da yake cikin dirowar, takardu, caja, turare, ragowar dabino, komai, saboda anjima zata kifo ƙasa ne gaba ɗaya.

Buɗe dirowar ka leƙa gefenta na dama ta waje. A motoci da yawa zaka ga wani ɗan siririn hannu na roba da yake riƙe ta don kada ta faɗo da ƙarfi in an buɗe, bakinsa yana maƙale a jikin wani ɗan tsini. Tura shi gefe a hankali zai fita, a wasu motocin irin Camry 2002 zuwa 2006 ɗan sukuru ne ya riƙe shi sai ka kwance, ka saka sukurun a aljihu ba a kan kafet ba. Wannan hannun shi ne abin da aka fi karyawa a aikin nan, robar ta sha zafin rana shekara da shekaru ta bushe, don haka banda fizga.

Daga nan sai ka sa hannu biyu a gefe da gefen dirowar ta can ciki, ka matse su zuwa tsakiya. Akwai wasu 'yan kunnuwa biyu da suke tokare ta, da ka matsa zasu kuɓuce, dirowar ta sauko ƙasa ta rataye, a wasu motocin ma ta fito gaba ɗaya a hannunka, kada ka tsorata ba karyewa tayi ba, a kan maƙalai take zaune kawai. In ɓangare ɗaya ya ƙi, matsa ɗaya ka ɗan sauko da shi sannan ka matsa ɗayan.

Haska tocila a ramin da ya buɗe. Zaka ga wani dogon murfi na roba a kwance, faɗinsa bai fi yatsu biyu ko uku ba, da kilif a gefe ɗaya ko duka biyun. A kusa da wurin akwai wayoyi, duk wayar da ka gani da ruwan ɗorawa ko soket ɗinta ruwan ɗorawa ta jakar iska ce ta haɗari, ba ruwanka da ita, kada ka ja kada ka cire. Danna kilif ɗin ka cire murfin. A wasu motocin ba murfi bane, tire ne gaba ɗaya zaka zaro da filtar kwance a cikinsa, haka yake a Accord da tsofaffin Camry.

Tsaya nan kafin ka zaro, ɗauki waya ka yi wa bakin filtar hoto. A gefenta akwai kibiya da rubutu, kuma a nan ne ake rikicewa. Orijinal ta Toyota an rubuta mata UP da kibiya tana kallon sama, ma'ana wannan ɓangaren ne sama, shikenan. Amma yawancin na kasuwa da na Honda AIR FLOW aka rubuta, wato kibiyar tana nuna inda iska take tafiya ne, kuma a irin waɗannan motocin iska daga sama take shigowa ta gangara ƙasa wajen fanka, don haka kibiyar AIR FLOW ƙasa zata kalla. Kaga sai mutum ya ciro mai UP yaga kibiya sama, ya ɗauko sabuwa mai AIR FLOW shi ma ya kallar da ita sama, ya saka ta a juye bai sani ba. Karanta rubutun, kada ka bi kibiyar kawai. In babu rubutu ko ya goge, tsohuwar zata faɗa maka, fuskar da datti ya taru a kai ta nan iska take shigowa.

Zaro ta a hankali a kwance, kada ka karkata ta, ka sa ɗaya hannun a ƙasa ka tara. Abin da zaka gani a kai zai baka mamaki, jar ƙura ta cike ninkin har ta yi tauri, ganyen darbejiya, fuka-fukan ƙwari, gashin tsuntsu, wani lokacin har ledar alawa. Zuba ta a leda kai tsaye ka ƙulle, kada ka kaɗe ta a cikin mota.

In kuma kaga audugar kujera a yayyage da ɓawon gyaɗa da baƙin kashi ƙanana, ko an ci gefen filtar, ɓera ne ya yi gida. Wannan yana faruwa sosai ga motar da ta daɗe a ajiye ko ake fakawa kusa da sito. Kada ka share shi a bushe ko ka hura da baki, sa safar hannu da takunkumi, ka jiƙa tsumma da ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta ka kwashe a jiƙe, ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama, ai mun san zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake yaɗuwa.

Bayan ka cire filtar leƙa cikin ramin da tocila, a ƙasa zaka hango fankar, zagayayya ce mai haƙora da yawa. In akwai ganye ko takarda a cikinta ciro shi da yatsa ko da ɗan dogon abu, don ganye ɗaya tak yana iya sa ta riƙa yin kar-kar-kar ko dashbod ya riƙa rawa in ka ƙure ta. Goge bakin ramin da tsumma mai danshi, ba mai ɗigar ruwa ba, akwai injin lantarkin da yake juya fankar da wayoyi a ƙasan. Wanda yake da injin zuƙe shara ya zura bakinsa ya zuƙe, yafi.

Sai ka ɗauko sabuwar. Kafin ka saka rubuta kwanan wata da lambar tafiyar mota a gefenta da biro, nan gaba ba sai ka tsaya tunanin yaushe ka canza ba, kuma ka tuna motocin da suka zo daga Amurka da mil suke ƙirga ba kilomita ba, mil ɗaya wajen kilomita 1.6 ne. Zura ta a kwance yadda tsohuwar take, ya kamata ta shige sumul ba tare da dambe ba. In ta ƙi shiga ko tana lanƙwashewa, zaro ta ka juya ta ta ɗaya gefen, da yawa ba murabba'i cif suke ba, wani gefen ya ɗan fi wani tsawo. In mai tire ce ka tabbata ninkin farko da na ƙarshe sun zauna a cikin 'yan tsagin da aka yi musu. Abin da ba a so shi ne a bar kafa a gefe, don iska hanya mai sauƙi take bi, in ta samu kafa ta nan duk ƙurar zata wuce, ka sayi filta a banza. Shi yasa bana son dabarar nan ta yanke babbar filta da almakashi don ta shiga, da an yanke gefen da yake riƙe ninkin ta saki kenan.

Mayar da murfin har kaji ƙas, ɗaga dirowar ka daidaita ta a kan maƙalanta, tura ta sama kunnuwan su koma da kansu ko ka ɗan matsa gefen, sannan ka maƙala ɗan hannun nan na dama, shi ake yawan mantawa sai an buɗe dirowa ta faɗo wa mutum a gwiwa. Tada mota ka gwada fanka daga lamba ɗaya har ƙarshe. In kaji fito ko wani ƙara da babu shi a da, murfin bai zauna ba ko filtar ta lanƙwashe, sake buɗewa.

Ba kowace mota ce take da ita a bayan dirowa ba. Peugeot 406 da 307 da Golf 3 da Golf 4 da Marsandi C-Class W203 tasu ta bonet ake shiga, a gindin gilashin gaba ƙarƙashin baƙar robar da take kusa da waifa, ta ɓangaren fasinja galibi. A irin waɗannan ka kula sosai wajen mayar da murfi da robar da take tare ruwa, in ba haka ba ruwan sama na farko zai jiƙa filtar ya gangaro kan kafet, kuma ka kwashe ganyen da ya taru a wurin don yana toshe hanyar ruwa. Golf 5 tata a ƙarƙashin dirowa take wajen ƙafar fasinja, sai ka kwanta ka leƙa sama. Civic 2001 zuwa 2005 da CR-V 2002 zuwa 2006 tasu a bayan dirowar take, amma guda biyu ne a jere, ka zaro ta farko sannan ka jawo ta biyun gefe ta fito ta rami ɗaya, mutane suna canza ɗaya su bar ɗaya don basu san tana nan ba. Akwai kuma masu wahala irin Mazda 3 ta farko da sai an kwance akwatin fis, irin wannan in baka saba ba bar wa bakanike, amma ka tsaya a kansa kaga abin da ya ciro.

Wani kuma zai buɗe ya tarar wayam, ramin yana nan babu filta. Ko dai haka motar ta zo, ko wani mai gyara ya cire ya yar yace ai iska zata fi ƙarfi. Eh zata fi ƙarfi na ɗan lokaci. Amma bayan fankar akwai evaporeta, wato ƙaramin lagireton da yake yin sanyin, kullum a jiƙe yake da raɓa in AC yana aiki, ƙurar da babu mai tare ta sai ta manne masa ta zama taɓo ta toshe shi, kuma a motoci da yawa kafin a kai gare shi sai an sauke dashbod gaba ɗaya, aikin yini guda da kuɗi masu kauri, ga kilif-kilif da ba zasu koma yadda suke ba. In ka samu ramin babu komai auna shi ko ka nemi filtar da lambar shasin motar ka saka.

Maganar wankewa ko kai wa mai faci ya hure da iska, kowa yana yi, amma gaskiya ba gyara bane. Ta takarda in ta sha ruwa ta lalace, in kuma aka mayar da ita da danshi wari zata yi. Iskar mai faci kuma tana da ƙarfi, tana buɗe idanun takardar, sai kaga filta tayi fari-fari amma ƙura tana wucewa. In babu halin saye yau, fita da ita waje ka bubbuga ta a hankali fuskar dattin tana kallon ƙasa, ka mayar, zata ɗan kai ka kafin ka samu sabuwa. Kuma don Allah a daina zazzaga mata turare mai maiƙo, ƙamshin kwana kaɗan ne, maiƙon kuma ƙura yake kamawa.

In ka canza amma warin rima bai tafi ba, daga evaporeta yake. Duba ƙarƙashin mota ta ɓangaren fasinja bayan AC ya yi aiki, ya kamata kaga ruwa yana ɗiga, in babu kuma kafet ɗin gaba yana jiƙewa to bututun da yake zubar da ruwan ya toshe sai an zokale shi. Dabarar da take rage warin ita ce in ka kusa isa gida ka kashe maɓallin AC ka bar fanka tana hurawa na 'yan mintuna wurin ya bushe. In warin hayaƙin salansa kake ji a cikin mota, wannan kada ka tsaya wasa da filta, ko mai gawayin bata tare iskar gubar da take cikin hayaƙin, sauke gilas ka kai a duba salansa ranar.

Maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe a cikinta yana rufe ƙofar iskar waje, danna shi in kana bin bayan tirela ko ka shiga hanya mai ƙura ko hazo ya sauko, filtar zata fi daɗewa kuma motar zata fi saurin sanyi. Sai dai a doguwar tafiya da mota cike da mutane, kamar Kano zuwa Maiduguri, ka riƙa buɗe shi lokaci-lokaci sabuwar iska ta shigo, iskar da aka yi ta shaƙa ana fitarwa tana kawo kasala da gyangyaɗi.

Lokacin dubawa kuwa, ni abin da nake ganin ya dace da yanayinmu shi ne ka leƙa ta duk ranar da kayi juye tunda yanzu ka san hanya, sannan ka canza ta in hunturu ya wuce wajen Maris, daidai lokacin da zafin bazara zai sa ka fara ƙure AC. Mai motar haya ko wanda kullum yake kan hanyar da babu kwalta ya ƙara wani canjin bayan damina, in ya ɗaga ta a rana yaga haske baya ratsa ninkin ba sai ya jira wata ya cika ba.